Ƙararrawar zafin inji: inda ake ɗaura sensa da lambar da ake saita mata

Allurar zafi da ke kan dashbod ba ta faɗin gaskiya duka, kuma da gangan aka yi ta haka. A motoci da yawa na zamani, da zarar ruwan inji ya kai kusan digiri 75 ko 80 a ma'aunin Celsius, allurar za ta hau tsakiya ta zauna, ba za ta sake motsi ba sai zafin ya kai wajen 105 ko 110. Masu ƙera mota ba sa son direba ya riƙa tayar da hankali duk lokacin da fanka ta tashi ko ta tsaya, shi ya sa suka daskarar da ita a wuri guda. Illar abin ita ce digiri talatin na canji suna wucewa ba ka ga komai ba, lokacin da allurar za ta nufi ja kuwa lokacin da ya rage maka kaɗan ne. Wasu motocin ma babu allurar sam, sai fitila shuɗiya ta sanyi da ja ta zafi.

Akwai abin da ya fi wannan muni. Sensar da kamfani ya saka tana auna ruwa ne, bakinta a nutse yake cikin ruwan lagireto. Idan tiyo ya fashe ruwan ya zube cikin minti ɗaya ko biyu, sai ta koma tana auna tururi ko iska. Allura na iya ɗan hawa sannan ta sauko, direba ya ɗauka komai ya daidaita, alhali tof silinda, wato kan injin, na ƙuna. Injuna da yawa da suka ƙone gaskit ko kansu ya lanƙwashe ta wannan hanyar suka tafi. Wannan giɓin ne na'urar gargaɗi da ake saya daban a ƙara wa mota take cikewa: tana nuna lamba ta ainihi, kuma tana ihu. Ihun ya fi lambar muhimmanci, domin wanda idonsa ke kan titi ba ya kallon allo.

Iri-irinsu

Ba abu ɗaya ba ne ake sayarwa da wannan suna. Akwai wadda sensarta ƙaramin zobe ne na ƙarfe da ake ɗaurewa a ƙarƙashin noti a jikin tof silinda, tana auna zafin ƙarfen kansa. Akwai ta ƙarancin ruwa, wadda ba ruwanta da zafi, abin da ta sani kawai shi ne ko bakinta yana cikin ruwa ko ba ya ciki. Akwai wadda ake cusawa a soket ɗin OBD2 da ke ƙarƙashin sitiyari ta karanto abin da ƙwaƙwalwar mota, wato kwamfutarta, ke gani. Sai kuma masu auna ƙarfin bugun man inji, da zafin hayaƙi a motocin dizal masu turbo, da zafin man giya. Yawancin akwatunan da ake samu yanzu suna haɗa biyu ko uku daga cikin waɗannan, su ƙara da awon batir.

Ta OBD2 ta fi kowace sauƙin sakawa. Soket ne mai ramuka 16, wanda ya zama dole a motocin Amurka tun 1996, a Turai kuma motocin fetur tun 2001, na dizal daga 2004. Ka cusa, ka haɗa da wayar hannu ko ƙaramin allonta, shi ke nan. Za ta ba ka zafin ruwa digiri bayan digiri, wato ta warware matsalar allura mai daskarewa. Amma daga sensar kamfani take karɓar labari, saboda haka makantar da sensar ke yi idan ruwa ya zube ita ma ta gada. Kuma yawancin motoci ba su da sensa mai auna ƙarfin man inji, ɗan makunni ne kawai mai kunna fitila, don haka babu lambar da za ta karanto. Wani abin lura: rami na 16 a soket ɗin yana da wuta ko da an zare makulli. Masu arha da ba su iya yin barci ba suna tsotsar batir a hankali, motar da za ta yi sati biyu a ajiye gara a zare mata.

A ganina, wanda zai sayi abu ɗaya tak ya sayi mai zobe a jikin ƙarfe. Wanda zai iya biyu ya ƙara da ta ƙarancin ruwa. Waɗannan biyun ba sa makancewa tare: ta ruwa tana ihu cikin daƙiƙoƙi kafin zafi ya fara hawa, ta ƙarfe kuma tana kama duk wani zafin da bai shafi zubar ruwa ba, kamar fanka ta mutu ko tamostat, wato bawul ɗin da ke buɗe wa ruwa hanya zuwa lagireto idan inji ya yi zafi, ya maƙale. Auna ƙarfen ba sabon tunani ba ne, Ford ma ta yi injuna da dama da sensa a jikin tof silinda.

Wurin ɗaura zoben

Nan ne aikin yake, kuma nan aka fi ɓata shi. Ana neman noti ƙarami, M6 ko M8 (mai kaurin milimita 6 ko 8), wanda ya shiga kai tsaye cikin ƙarfen tof silinda, kusa da inda ruwa mai zafi ke fita zuwa tiyon sama. Notin gidan tamostat idan a jikin kan injin yake, ko na ƙugiyar da ake ɗaga inji da ita, ko na wani maɗaurin wayoyi, duk suna yi. Manyan notocin da suka danne tof silinda a kan bulok ba a taɓa su ko kusa. An ɗaure su da ma'auni da tsari, wasunsu ma ba a sake amfani da su idan an kwance, kwance ɗaya kawai na iya jawo zubar gaskit.

Notin murfin sama yana jan hankali saboda shi ne a fili, amma sau da yawa mummunan wuri ne. Murfin roba ne a injuna da yawa, inda kuma na ƙarfe ne akan samu robar hana jijjiga tsakanin notin da murfin, zafi ba ya ratsowa da wuri. Gefen da hayaƙi ke fita shi ma a guje shi. Zoben da ke kusa da bakin salansa zai riƙa nuna zafin hayaƙi, ya hau sama duk lokacin da ka taka totur, ƙararrawa ta yi ta ƙarya har ka gaji ka kashe ta. Gefen da iska ke shiga inji ya fi natsuwa. Haka kuma kada zoben ya zauna daidai inda iskar fanka ke bugawa, domin iskar za ta riƙa sanyaya shi ya nuna ƙasa da gaskiya da digiri da yawa. Idan babu wani wuri sai nan, a rufe bayan zoben da ɗan ƙyalle mai jure zafi irin wanda ake naɗe wayoyin inji da shi.

A goge wurin da takardar yashi har ƙarfe ya fito fes, ba fenti ba tsatsa ba maiƙo. Zoben ya kwanta a kan ƙarfen kai tsaye, wosha a samansa, sannan kan notin. Ɗan man da ake shafa wa na'urorin kwamfuta don ratsa zafi yana taimakawa amma ba dole ba ne. A ɗaure yadda littafin motar ya ce. In babu littafin, M6 a cikin alminiyom kusan 9 zuwa 10 Nm ne (ma'aunin ƙarfin ɗauri ke nan), M8 kuma 20 zuwa 25. Lokacin ɗaurewa a riƙe wuyan zoben kada ya juya tare da notin, don wayar da ke cikinsa siririya ce, murɗawa ɗaya tana tsinka ta daga ciki, matsalar kuma ba za ta bayyana ba sai bayan watanni, lamba ta riƙa tsalle. A ɗaure wayar da abin ɗauri kamar santimita 10 daga zoben don jijjiga ta ƙare a kan ɗaurin.

Masu son sensa mai shiga ruwa suna yanka tiyon sama su saka guntun bututun alminiyom mai rami. Yana aiki, amma da sharaɗi. A auna faɗin cikin tiyon da kyau, galibi tsakanin milimita 28 da 40 ne, bututun da ya yi ƙanƙanta da milimita biyu zai yi yoyo komai ƙarfin kilif. Sensa mai waya ɗaya tana bukatar jikinta ya haɗu da bodi, tiyo kuwa roba ne, saboda haka sai an ja waya daga bututun zuwa inji. Babbar matsalar ita ce a injuna da yawa tiyon sama bayan tamostat yake. Ranar da tamostat ya maƙale a rufe, ruwan zafi ba zai iso tiyon ba, na'urarka za ta nuna sanyi inji na tafasa.

Kada kuma a ce za a yi dabara a jona waya a kan sensar kamfani. Ƙwaƙwalwar mota tana tura mata wuta 5 V tana auna abin da ya dawo, duk abin da aka rataya a layin zai karkatar da awon, mota ta fara shan mai fiye da kima ko fanka ta daina tashi a kan lokaci. Sensoci ma ba a musanya su. Wata tana da turjiya kusan 2,500 ohm a digiri 20 ta sauko kusan 300 a digiri 80, wata kuma lissafinta daban ne gaba ɗaya. Kowace na'ura da sensar da ta zo da ita.

Ta ƙarancin ruwa

Wannan tana aiki ne da cewa wutar lantarki tana iya ratsa ruwan lagireto. Ɗan tsinken ƙarfe ne a cikin ruwan, na'ura na tura masa wuta mai rauni ƙwarai, muddin wutar na ratsa ruwa zuwa bodi tana shiru, da ta yanke sai ihu. Masu kyau suna amfani da wuta mai juyawa gaba da baya, saboda wuta mai tafiya hanya ɗaya tana cin ƙarfe a hankali, musamman lagireton alminiyom. Wannan abu ne da ya kamata a duba a takardar na'urar kafin a saya.

Inda ake kuskure shi ne wurin sakawa. Motoci iri biyu ne. Wasu suna da tankin roba mai murfin matsi wanda yake cikin zagayen ruwan, a irinsu tsinken zai iya zama a tankin, wasu ma kamfani ya riga ya saka nasa. Wasu kuwa murfin matsin a kan lagireto yake, galan ɗin gefe na karɓar rara ne kawai. A irin waɗannan, galan na iya zama cike lagireto babu komai, domin ruwan yana komawa ne ta hanyar zuƙowa idan inji ya huce, da zarar akwai huda a wani wuri sai iska ta shiga ta nan, ruwan galan ya zauna abinsa. Tsinken dole ya kasance a tankin sama na lagireto ko a tiyon sama, a ɓangarensa mafi tsayi, bakin yana kallon ƙasa daga sama, don shi ne zai fara bushewa.

Bayan sakawa sai a cire iska daga zagayen ruwan sosai, in ba haka ba kumfar iska za ta riƙa taruwa daidai bakin tsinken. Yawancinsu suna da jinkirin 'yan daƙiƙoƙi saboda ruwa na kaɗawa a kwana da gargada. Idan ta yi ƙara da safe kawai sannan ta yi shiru bayan inji ya ɗumama, kada a zarge ta. Ruwa ya ragu kaɗan ne, zafi ya kumbura shi ya rufe tsinken. A duba murfin lagireto da kilif-kilif, akwai inda yake tafiya.

Wuta da wayoyi

Na'urar ta samu wuta daga layin da ke zuwa idan an murɗa makulli, ta mutu idan an kashe. Hanya mafi tsabta ita ce abin jona fis da ake cusawa a akwatin fis, a kan layin rediyo ko na soket ɗin caja, da fis nata na 1 zuwa 3 A. A gwada da mita a tabbatar, kuma a lura wasu layukan suna ɗaukewa lokacin da ake tayar da inji. Layin jakar iska, mai soket ruwan ɗorawa, da na ABS ba a jona komai a kansu. Babbar mota mai 24 V a tabbatar na'urar ta yarda da 24 V.

Wayar bodi ta sauka a kan noti mai tsabta a ƙarfen mota, ba a kan sukurun da ya shiga roba ba. Ga alamar da ke tona asirin mummunan bodi: ka kunna manyan fitilu ko fanka ta tashi, sai lamba ta yi tsalle da digiri uku ko huɗu nan take. Ƙarfe ba ya zafi da wannan saurin, wuta ce ke neman hanya ta cikin wayar sensa. A duba babbar wayar da ta haɗa inji da bodi da batir.

Wayar sensa ta shiga cikin mota ta robar da wayoyin kamfani suka bi, ko sabon rami da aka saka wa robar kariya. Waya a kan gefen ƙarfe tsirara wata rana za ta yanke. A nisanta ta da salansa da bel da fanka, kada kuma ta kwanta tare da wayoyin fulogi ko koyil, suna cusa mata hayaniya. Allon a ajiye shi inda ido zai kai ba tare da an sunkuya ba, nesa da murfin jakar iska. A gwada ƙarar da gilashi a buɗe da rediyo a kunne, in ba a ji ba a ƙara mata babbar ƙararrawa ko fitila ja mai haske.

Gwaji da saita lamba

Kafin a ɗaura zoben, a jona shi da na'urar a tsoma shi cikin ruwa mai tafasa. Ya kamata ya nuna kusan 100 a ƙasa mai daidai da teku, yana raguwa da kusan digiri 1 a kowace mita 300 ta tsayi. Bambancin digiri ɗaya ko biyu ba komai ba ne. Sannan a zare soket ɗin sensar a ga abin da na'urar za ta yi. Mai kyau za ta nuna kuskure ko ta yi ƙara. Wadda za ta yi shiru ta nuna sifili tana da haɗari, domin ranar da waya ta tsinke ba za ka sani ba.

Babu lamba ɗaya da ta dace da kowace mota, duk wanda ya ce maka saita 100 kawai bai ga inda zobenka yake ba. Tamostat na yawancin injuna yana buɗewa tsakanin 82 da 88, wasu na Turai sama da 90, kuma akwai injunan da aka ƙera su yi aiki lafiya a 105. Zafin ƙarfen waje na iya zama ƙasa da na ruwa da digiri biyar zuwa goma ko ya ɗan fi shi, ya danganta da wurin. Saboda haka abin yi shi ne a fara da lamba mai nisa, kamar 105, a yi kwanaki ana tuƙi ana lura. A rubuta abin da take nunawa a babban titi, da cikin cunkoso da na'urar sanyi a kunne, da hawan tudu da kaya a tsakar rana. A bar motar a tsaye inji na aiki, wato tana silo, har fanka ta tashi ta tsaya sau biyu, a ga lambar tashi da ta tsayawa. Mafi girman lambar da aka gani a lafiya, a ƙara mata digiri 5 zuwa 8, nan ne wurin ƙararrawa. Idan mafi girma 94 ce, a sa 100. In na'urar na da mataki biyu, na farko a sa shi a digiri 4 ko 5 sama, na biyu a 10.

Sharaɗin wannan duka shi ne motar tana da lafiya lokacin da ake lurar. Idan lagireto ya riga ya toshe rabi, lambar cuta ce za ka ɗauka a matsayin ta lafiya. A wanke, a canza murfi da tamostat idan sun tsufa, sannan a fara.

Dalilin da ya sa digiri kaɗan ke da daraja haka yana cikin lissafin tafasa. Ruwa zalla a ƙarƙashin murfi mai riƙe matsin 1.1 bar yana tafasa a kusan 122, haɗin rabi ruwa rabi maganin lagireto kuma ya haura 125. Murfin da ya saki ya daina riƙe matsi yana mayar da ruwa zalla 100, haɗin kuma kusan 107. Da zarar tafasa ta fara a cikin tof silinda, tururi ya raba ruwa da ƙarfe, zafi ya daina hawa a hankali ya koma gudu. Ana son ƙararrawa ta yi magana tun ruwan bai kai nan ba.

Abu ɗaya da ke ruɗa sababbin masu amfani: ka tsaya shan mai, ka kashe inji minti biyar, ka tayar, sai ƙararrawa ta kama. Ba lalacewa ba ce. Famfon ruwa ya tsaya, zafin da ke cikin ƙarfe ya bazu, lamba kan hau da digiri biyar zuwa goma ko fiye. Idan ta sauko cikin rabin minti zuwa minti ɗaya bayan tayarwa, lafiya lau. Wasu na'urorin suna da jinkirin farawa saboda wannan. Kada a ɗaga lambar ƙararrawa don gudun wannan ƙarar.

Mai, batir da hayaƙi

Fitilar mai ta kamfani tana kamawa ne a ƙasa ƙwarai, wajen 0.3 zuwa 0.5 bar. A kan gudu, injin da ya sauko nan ya riga ya fara cin kansa. Tsohuwar ƙa'idar makanikai ita ce kusan 0.7 bar ga kowane juyi 1,000 a minti, kuma inji mai zafi a silo yakan nuna 1 zuwa 2 bar. Ƙararrawar da aka saita a 0.8 ko 1 bar tana ba da gargaɗi da wuri, amma a tsohon inji za ta iya damunka a silo, don haka a fara auna ainihin bugun da geji na hannu. Wajen sakawa a kula da zaren ramin. Injunan Japan da yawa 1/8 BSPT ne mai zare 28 a inci, na Amurka 1/8 NPT mai 27, na Turai sau da yawa M10x1. Suna kama da juna har su shiga juyi biyu ko uku, daga nan su ci zaren bulok. Kada kuma a rataya sensa mai nauyi a kan mahaɗin tagulla mai baki uku kai tsaye a jikin inji, jijjiga tana karya shi, mai ya tsiyaye duka cikin ɗan lokaci. A ja gajeren tiyo mai jure matsi a ɗaure sensar a bodi, ko a yi amfani da farantin da ake sakawa a ƙarƙashin filtar mai. Farin tef na famfo idan ya yi yawa yana raba sensa mai waya ɗaya da bodi, guntunsa kuma na iya shiga hanyar mai.

Awon batir ana raina shi, alhali yana da amfanin da ba a zata ba. Inji na aiki, akan ga 13.8 zuwa 14.4 V. A injin da bel ɗaya ke juya altaneta da famfon ruwa, tsinkewar bel tana bayyana a awon wuta nan take, kafin zafi ya motsa. Ƙararrawa a wajen 12.5 V ta isa. Sai dai sababbin motoci masu caji mai wayo suna sauke wutar da kansu zuwa 12 da 'yan kai a kan tafiya, a irinsu a sa ta ƙasa da haka.

Zafin hayaƙi na masu dizal mai turbo ne da ke jan kaya ko waɗanda aka ƙara wa injinsu ƙarfi. Sensarsa tsinken awon zafi ne da ake kira nau'in K, kuma wurinsa yana canza ma'anar lambar: kafin turbo ana ɗaukar kusan 700 zuwa 720 a matsayin iyakar da ba a son a daɗe a kai, bayan turbo kuwa lambar kan yi ƙasa da digiri 100 zuwa 200, shi ya sa masu saka shi a nan suke tsayawa wajen 550. In za a huda kafin turbo, a kwance ƙarfen da ke kai hayaƙi zuwa turbo a huda shi a waje, ɓarɓashi kaɗan ya isa ya lalata fukafukan turbo. Wayarsa ba a ƙara mata tsawo da wayar tagulla ta gama-gari, sai irin tata, kuma idan aka juya ƙafafun biyu lamba za ta riƙa sauka lokacin da zafi ke hawa.

Idan ta yi ƙara

Martanin ya danganta da wace ce ta yi magana. Ta mai ko ta ƙarancin ruwa: a sauka gefen titi da zarar an samu wuri mai aminci a kashe inji, ba a cewa bari a ƙarasa. Ta zafi da ke hawa a hankali kuma ruwa na nan: a ɗaga ƙafa daga totur, a kashe na'urar sanyi, a kunna hita da fankarta har ƙarshe, don hitar ƙaramin lagireto ce. A tsaya a bar inji yana silo ana kallon lamba. Idan ta fara sauka cikin minti ɗaya ko biyu a bar shi ya huce haka. Idan tana ci gaba da hawa, ko hita na busa iska mai sanyi alhali inji na da zafi, ruwa ba ya zagayawa, a kashe. Ta hayaƙi kuwa sauke giya da rage totur ne maganinta, ba kashewa ba, turbo mai zafi yana bukatar minti biyu ko uku na silo kafin a kashe.

Murfin lagireto ba a buɗe shi sai tiyon sama ya yi laushi ya huce har hannu zai iya riƙe shi, wanda kan ɗauki rabin awa ko fiye. Ruwan da ke ƙarƙashin matsi a digiri 115 yana zama tururi nan take idan an saki matsin, ya yi tsiri zuwa fuska. Ruwan sanyi kuma ba a kwarara shi cikin inji mai tsananin zafi, alminiyom na iya tsagewa.

Bayan 'yan makonni lambar za ta fara nuna maka cuta tun ba ta kai ga ƙararrawa ba. Zafin da ke hawa a cunkoso ya sauka da an samu gudu yana nuni ga fanka, ko rilenta, ko fis. Wanda ke hawa a kan gudu da tudu ya sauka a silo yana nuni ga lagireto da ya toshe daga ciki ko ƙura da ciyayi suka rufe fuskarsa, ko famfon da fukafukansa suka cinye, ko tiyon ƙasa da ke tsukewa idan inji ya ɗau juyi. Injin da ba ya kaiwa zafinsa na aiki, yana yawo a 60 zuwa 70 a babban titi, tamostat ɗinsa ya maƙale a buɗe ko wani ya cire shi, kuma wannan ma cuta ce: yana ƙara shan mai da cin silinda. Lambar da ke hawa da sauka babu tsari, tare da ruwa na raguwa ba a ga inda yake zuba ba, tana nufin iska a cikin zagayen, kuma idan iskar tana dawowa bayan an cire ta sai a gwada ruwan a ga ko hayaƙin silinda na shiga ta gaskit. Idan kuma lambar da aka saba gani a hanya ɗaya da kaya iri ɗaya da yanayi iri ɗaya ta ƙaru da digiri huɗu ko biyar cikin wata biyu, a duba lagireto da murfinsa tun ƙararrawa ba ta kai ga yin ƙara ba.